Littafin Aikin Kalandar Majami'armu

Lahadi, 27 ga Afrilu, 2025

Yau bayan an tashi daga sujada dattawa suka ɗora mini wani aiki, na ce bari in buɗe masa littafi tun ranar farko, don na san halina da mantuwa. So suke in tsara wa majami'armu kalandar 2026, wadda za ta nuna watannin da muka saba da su a gefe ɗaya, na Littafi Mai Tsarki a ɗaya gefen.

Ɗan yayana ne ya jawo. Ya zo hutun Ista daga Abuja, inda yake aikin tayil, da wani bidiyo a wayarsa. Mai wa'azin da ke ciki yana ta kumfar baki cewa kalandar da ke rataye a bangon kowane coci ta arna ce, Allah da watan Abib ya buɗe shekara ba da Janairu ba, ranar Asabar ta gaskiya kuma ta ɓace tun da Paparoma ya taɓa lissafi. Kafin Litinin ɗin Ista bidiyon ya zaga wayoyin matasa kaf, har biyu daga cikin mawaƙa sun ce su kam sun gama da Kirsimeti. Kalmar arna dai ba baƙuwa ba ce a wannan yanki namu na Sumaila, da ita aka riƙa kiran kakanninmu, shi ya sa ta yi wa tsofaffi zafi fiye da yadda yaron ya zata.

Fasto ya ce, "Malam, kai ke koyar da lissafi a firamare, kai za ka warware mana." Baba, wanda ya girmi kowa a cikin dattawa, ya ce kada a tsaya a baki kawai: "A rubuta a rataye. Gani ya kori ji."

Abin da ke hannuna: tsohon Littafin mahaifina, fassarar 1932, da sabuwar fassara, da kwali biyu, da wayar da ba ta samun sabis sai na hau tudun bayan makaranta.

Asabar, 10 ga Mayu

Mako biyu ina tsintar sunayen watanni aya-aya. Sau da yawa Littafi ba ya ma kiran wata da suna, lamba yake ba shi: wata na fari, wata na bakwai. Ni kaina shekara nawa ina karanta wa yara a makarantar Lahadi cewa Idin Ƙetarewa ran 14 ga wata na fari ne, a zuciyata ina hango 14 ga Janairu da hazonsa. Ashe ƙarshen Maris ne ko cikin Afrilu.

Tsofaffin sunaye huɗu kaɗai na samu: Abib a Fitowa 13, sai Zib da Bul da Etanim, ukun nan duka a labarin ginin haikalin Sulemanu, 1 Sarakuna sura 6 da 8. Sauran, wato Nisan, Siwan, Elul, Kisle, Tebet, Shebat da Adar, sai a littattafan bayan bautar Babila suke fitowa, Ezra, Nehemiya, Esta da Zakariya. Sunayen Babila ne, daga can aka dawo da su. Watan da Musa ya kira Abib shi Nehemiya ke kira Nisan, kuma ban ga inda aka tsawata masa ba. Yahudawa har yau suna kiran watansu na huɗu Tammuz, alhali a Ezekiyel 8:14 Tammuz gunki ne da mata ke yi wa kuka a ƙofar haikali. Na ja wa wannan layi da jan biro saboda ɗan yayana, tunda babban laifin Janairu da Maris a bidiyonsa shi ne sunan gumakan Rum da suka ɗauka.

Amma abin da ya fi faranta mini rai shi ne ma'anar Abib. Zangarniyar sha'ir ce wadda ta yi ido amma ba ta bushe ba. Littafin Firistoci 2:14 har ya yi maganar gasa ta a wuta a kawo baikon nunan fari. Da na karanta wa Baba da yamma, sai ya fashe da dariya: "Kai Malam, ai tumu ke nan! Ka ce watan tumu mana, ka huta." Na rubuta haka a kwalin.

Na tambaye shi yadda suke ƙirga watan bakwai da ake cewa maƙarar rani, tunda ba Yuli ba ne, ba kuma Rajab ba. Ya ce ƙidayar manoma ce, daga bayan kaka ake farawa. In ƙidaya ta kai bakwai amma shamuwa ba ta sauka ba, gawo bai fara zubar da ganye ba, to ƙidaya ce ta yi gaggawa, sai a maimaita wata. Bai san ya ba ni makullin aikin duka ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Fentikos. An yi ruwan shuka, rabin majami'a na gyangyaɗi saboda gajiyar jiya.

Na kai wa Fasto jadawalin farko, layi biyu: Nisan kusa da Afrilu, na biyu kusa da Mayu, haka har ƙasa. Bai yi ba. Kowane watansu ya hau kan namu biyu, rabi nan rabi can, kuma iyakar tana motsi kowace shekara. Bana 1 ga Nisan ta faɗo 30 ga Maris, bara 9 ga Afrilu, baɗi 19 ga Maris.

Sai kuma wani abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon karatuna. Mu yau shuka muke, amma Fentikos a can idin girbin alkama ne, kwana 50 bayan an kawo damin farko na sha'ir. Daminarsu da namu bayan juna suke ba wa. Ruwansu yana farawa wajen Oktoba, ya yi ƙarfi a Disamba da Janairu, ya ɗauke wajen Afrilu, daga nan sai rani ƙaf. Shi ya sa a 1 Sama'ila 12, da Sama'ila ya roƙi tsawa da ruwa a lokacin girbin alkama, mutane suka firgita. Yaron da ya tashi a nan zai ce ruwa a watan Mayu ko Yuni ai ba abin mamaki ba ne. A can kuwa kamar a tafka ruwa da tsawa ne a garinmu tsakiyar Janairu. Labarin kalar da Rut ta yi ma duka tsakanin Afrilu da Yuni ya faru, daga farkon girbin sha'ir zuwa ƙarshen na alkama. Wanda ya taɓa zuwa ƙodago Kadawa ko Kura ya fi saurin ganewa, don alkama a can ma da sanyi ake shuka ta, a yanke ta da zafi ya fara.

Mama shugabar zumuntar mata ce ta fid da ni. Ta leƙa kwalin ta ce, "Ɗana, shekara ba tsani ba ce da za ka jera ta sama da ƙasa. Zagayowa take. Ka yi ta kamar faifai." Faifai za a yi: zobe na ciki yanayinmu, bazara, damina, kaka, hunturu, rani, na biyu Janairu zuwa Disamba, na uku watannin Littafi, na waje kuma aikin gonar ƙasar Isra'ila da idodinsu.

Asabar, 5 ga Yuli

Noman farko ya cinye ni, ban taɓa kwali ba sai daren jiya.

Ƙarshen Yuni maƙwabtanmu Musulmi suka shiga 1447. Na je wurin Malam, wanda gonarsa ke iyaka da tamu, muka zauna a gindin darbejiya na baje masa lissafina. Wata kwana 29 da rabi ne, goma sha biyu su ba da 354, shekarar rana kuwa 365 da kusan rubu'i. Kwana 11 ke tsakani. Su ba sa cike wannan giɓin, ya ce Alƙur'ani a Suratut Tauba ya hana jinkirta wata, shi ya sa azumi ke yawo, ya zo da sanyi ya zo da zafi, sai bayan shekara 33 ko kusa ya komo inda ya tashi. Isra'ilawa ba su da damar barin watansu ya yi yawo, domin dole ranar idi a sami sha'ir nunanne a kawo. Sai su ƙara wata guda, Adar na biyu, sau 7 a cikin kowace shekara 19. Maimaita watan da Baba ya faɗa ke nan.

Ga abin da bidiyon bai faɗa ba: babu ayar da ta ce ga yadda za a ƙara watan nan, ko wa zai ƙara. Malamansu na dā sha'ir suke dubawa da 'ya'yan itace da tsawon rana. Lissafin da suke bi yanzu ba na ganin wata ba ne, na alƙalami ne, ana jingina shi ga Hillel na biyu, wani shugaban malaman Yahudawa, wajen shekara ta 359 bayan Almasihu. To duk wanda ya ce mu koma kalandar Littafi, sai ya faɗa mana wa zai riƙa duba mana gonar sha'ir a Urushalima, wa kuma zai zama Sarkin Musulminmu mai sanar da tsayuwar wata.

Malam ya ji daɗi da na nuna masa cewa ranar ƙaramar Sallar bana, Lahadi 30 ga Maris, ita ce 1 ga Nisan. Jinjirin wata ɗaya ne, kowa da sunan da ya raɗa masa. Ya ce in an buga in kawo masa kwafi ɗaya.

Asabar, 16 ga Agusta

Marka. Katangar bayan gidanmu ta zube, kwali ɗaya ya jiƙe, na sake zanawa.

Yau muka yi zama da matasa, ɗan yayana na sauraro ta waya daga Abuja har kati ya ƙare masa. Maganar Asabar ce. Na faɗa musu abin da ya faru dalla-dalla. Yuliyas Kaisar ya kafa kalandarsa shekara 45 kafin Almasihu, ya ɗauki shekara a kan kwana 365 da rubu'i cif. Ta zarce ta gaskiya da minti 11 da 'yan daƙiƙu. Ba komai ba ne a ido, amma duk shekara 128 kwana guda ne. Zuwa 1582 kwana 10 sun taru tun daga taron Nikiya, wato babban taron shugabannin ikkilisiya na shekara ta 325, ranar da dare da rana ke daidaita ta zame daga 21 ga Maris zuwa wajen 11, Ista kuma da ita ake auna ta. Paparoma Giregori na 13 ya sa aka tsallake kwana goman: aka kwanta ran 4 ga Oktoba, aka tashi ran 15. Aka kuma gyara dokar shekara mai 29 ga Fabrairu, ta yadda 1700 da 1800 da 1900 ba su samu ba, 2000 ta samu, 2100 ba za ta samu ba.

Sai na tambaye su, 4 ga Oktoban nan wace rana ce? Alhamis. Kashegari 15 fa? Jumma'a. Lamba ce ta yi tsalle, mako bai motsa ba. Ingila, da ba ta bin Paparoma, ta ƙi sai 1752, ita ma Laraba 2 ga Satumba ta wayi gari Alhamis 14. Rasha sai 1918. Duk tsawon shekarun nan ƙasashe na saɓani a kwanan wata, ba a taɓa saɓani a kan yau wace rana ce ba.

Hujjar da ta fi shiga kansu ba daga Turai na ɗauko ta ba. Na ce, Jumma'ar da ake zuwa masallaci a garin nan, Paparoma ne ya ba su? Ba shi ba ne. To me ya sa kullum kashegarinta Asabar ce a kalandar bango, kuma ita ce dai Asabar ɗin da Yahudawa ke hutawa? Sunayen ranakunmu ma sun isa shaida. Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar, daga Larabci, Asabar kuma tushenta ɗaya da Shabbat ta Ibrananci. Bahaushe in ya ce Lahadi, ranar farko ta mako ya ce, yadda Ayyukan Manzanni 20:7 ya kira ranar da aka taru kakkarya gurasa a Taruwasa. Wannan kuwa ƙarni biyu da rabi ne da ɗori kafin Sarki Kustantin ya yi dokar hutun Lahadi a 321.

Wata yarinya a mawaƙa ta ɗaga Daniyel 7:25, mai sāke lokatai da shari'a. Tambaya ce mai kyau, ban murƙushe ta ba. Na ce masu sharhi da yawa suna ganin Antiyokus ne, sarkin da ya hana kiyaye Asabar da idodi a Urushalima wajen 167 kafin Almasihu, wasu kuma suna ganin mai zuwa ne. Ko wanne ne, hana mutane sujada daban, gyara minti 11 daban. Ba ta gamsu duka ba, na gani a fuskarta.

Litinin, 8 ga Satumba

Jiya da magariba wata ya fito daga gabas jajir kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Yara suka ɗauko gwangwani da tsofaffin kwanoni suna kiɗa, rana ta kama wata. Hadari ya yi ta rufe shi yana buɗewa. Na ruga na duba kwali: 14 ga Elul. Husufin wata ba ya yiwuwa sai wata ya cika, na rana kuma sai a ƙarshen wata. Nan take na tara 'yan ajin baftisma a ƙofar gida na ce su duba da kyau, irin wannan cikakken watan ne ke sama a daren Idin Ƙetarewa, don haka duhun sa'a uku na ranar gicciye ba husufin rana ba ne irin wanda aka saba.

Tun da muna tsaye a duhu, sai maganar farkon yini ta taso. A Littafi yini daga maraice yake farawa, Farawa 1 maraice take fara ambata kafin safiya, Firistoci 23:32 kuma ta ce daga maraice zuwa maraice. Na sha wahalar bayyana wannan da kalandar bango, wadda ke canja rana da ƙarfe 12 na dare lokacin da kowa ke barci. Ashe a bakinmu yake. In Bahaushe ya ce daren Jumma'a, wane dare yake nufi? Daren da Alhamis ta faɗi. Inna da ba ta taɓa shiga aji ba ta riga ni sani.

Haka ƙidayar kwana. Luka ya ce a rana ta takwas aka yi wa Yahaya Mai Baftisma kaciya aka sa masa suna. Mu muna cewa suna kwana bakwai. Rana ɗaya ce: wanda aka haifa Talata, Talata mai zagayowa. Su suna lissafawa da ranar haihuwar. Da wannan ƙidayar Jumma'a, Asabar, Lahadi rana ta uku ce ba tare da an ja gicciye baya zuwa Laraba ba, kamar yadda bidiyo na biyu da ya iso garin nan ke cewa. Esta ma ta ce a yi azumi kwana uku dare da rana, amma a rana ta uku ta shiga wurin sarki.

Talata, 7 ga Oktoba

15 ga wata na bakwai, farkon Idin Bukkoki. A nan kaɗai faifan ya haɗu: su suna tattara inabi da zaitun, mu dammunan gero sun shiga rumbu, dawa na jiran Nuwamba. Baba ya ce bukkar da ake kwana a ciki a gona ana gadin amfani ba sai an fassara masa ita ba. Fasto na tunanin ya ɗauko wa'azin ranar godiya daga Maimaitawar Shari'a 16.

Na ci karo da labarin wani ɗan allon dutse da aka tono a Gezer, wani tsohon gari a ƙasar Isra'ila, a 1908, mai kusan shekara 3,000. Ba sunan wata ko ɗaya a jikinsa, sai aiki: watannin tattarawa, na shuka, na yankan sha'ir, na aske inabi. Ɗan manomi ne ya rubuta, ko mai karɓar haraji, ko ɗan makaranta mai koyon rubutu. Zan sa shi a ƙasan faifan da ƙananan baƙaƙe.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na shiga Kano wurin mai buga takardu. Kuɗin kwafi 60 zumuntar mata ta tara daga sayar da gyaɗa, matasa suka ba da na mota.

Kafin in tafi sai da na tsayar da ranakun 2026. Idin Ƙetarewa daga maraicen Laraba 1 ga Afrilu, Ista 5 ga Afrilu, Fentikos 24 ga Mayu, wata na bakwai ya kama 12 ga Satumba, Ranar Kafara 21, Bukkoki 26. Na rubuta a ƙasa cewa waɗannan na lissafi ne, mai duban jinjirin wata da ido zai iya samun bambancin kwana ɗaya ko biyu. Mutanen garin nan ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan, kowace shekara suna ganin yadda ake yi da azumi.

Fasto ya ce lalle in sa bayanin Ista, don ita ce tambayar da ake yi masa kowace shekara: me ya sa Kirsimeti ke zaune wuri ɗaya, Ista na yawo? Amsar ita ce Ista ce kaɗai ta riƙe igiyar wata. Lahadin farko ce bayan cikar watan da ya zo ran 21 ga Maris ko bayanta, don haka ba ta riga 22 ga Maris, ba ta wuce 25 ga Afrilu. Taron Nikiya na 325, a ƙasar Turkiyya ta yau, shi ya nemi a riƙa yi rana ɗaya ko'ina. Har yau ba a samu ba. Bana an dace, kowa 20 ga Afrilu, amma baɗi 'yan Otodoks, wato Kiristocin ikkilisiyoyin gabas, sai 12, mako guda bayanmu. Bara kuwa mun yi 31 ga Maris, Yahudawa ba su shiga idinsu ba sai maraicen 22 ga Afrilu saboda sun ƙara wata, 'yan Otodoks sai 5 ga Mayu.

Gardamar ma ba yau ta fara ba. Wajen shekara ta 155 Polikaf na Simirna, wanda ya ga manzo Yahaya da idonsa, ya je Rum wurin Anisetus, shugaban ikkilisiyar can. Shi yana kiyaye 14 ga Nisan ko wace rana ta faɗo, Rum ba ta yin haka. Babu wanda ya juya wani, suka ci jibin Ubangiji tare suka rabu lafiya. Na so ƙwarai in sa wannan a kalandar, wuri ya ƙi. Romawa 14:5 da Kolosiyawa 2:16 kawai na iya cusawa, lambobin ayoyin ba tare da rubutun ba.

Laraba, 10 ga Disamba

An aiko da gwaji ta hannun direban motar kasuwa, na buɗe na riƙe baki. Duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwatuna, Ƙetarewa ba ta da kai. Mako ya fara daga Litinin, wato hujjata ta ranar farko ta rushe a kan takardata. Mafi muni, yaron da ke kan kwamfuta ya ga Abib ba ya saitin Janairu, ya ɗauka kuskurena ne, ya juya zoben ya daidaita mini ɗaya da ɗaya. Wata takwas ina yaƙi da wannan fahimtar, ya maido ta da danna maɓalli guda. Na hau tudu na kira shi, ya ce, "Yallaɓai, ai gyara na yi maka." Ban yi faɗa ba, ni ma haka na karanta shekara da shekaru. Gobe zan koma da kaina.

Yau 20 ga Kisle, ranar da Ezra 10 ya ce jama'a sun zauna a filin haikali suna rawar ɗari saboda ruwan sama. Mu leɓunanmu ne ke tsagewa, ko gajimare babu. A wannan watan ne Sarki Yehoyakim ke jin wuta a kasko ya ƙone littafin Irmiya. Wannan kam ya yi daidai da namu.

Saura guntun bayanin Kirsimeti, kuma gaskiya zan rubuta: Littafi bai ba da rana ba, bai ba da wata ba. Shaida mafi tsufa ta bikin 25 ga Disamba daga Rum take, shekara ta 336. Habasha da Kibɗawan Masar 7 ga Janairu suke yi. Shekarar ma ba ta tsira ba. Diyonisiyus, wanda ya ƙirƙiro ƙidaya daga haihuwar Almasihu a 525, ya yi kuskuren 'yan shekaru, tunda yawancin masana tarihi sun tsaya a kan cewa Hirudus, wanda aka haifi Yesu a zamanin sarautarsa, ya mutu shekara 4 kafin shekara ta 1. Mu muna 2025, Yahudawa 5786, Habasha 2018, maƙwabta 1447. Marubutan Littafi kuwa ba su da ko ɗaya daga ciki. Luka cewa ya yi shekara ta 15 ta sarautar Tibariyas, Amos ya ce shekara biyu kafin girgizar ƙasa. Haka Inna ke cewa an haifi yayana shekarar da motoci suka koma hannun dama, ni kuma bayan an canja kuɗi, sai mu muka mayar da su 1972 da 1973 a takardar makaranta.

Lahadi, 28 ga Disamba

An raba. Kwafi 57 suka iso, uku sun yage a mota. Ɗaya na bangon majami'a kusa da allon waƙoƙi, ɗaya na kai wa Malam, ya sa gilashinsa ya nemo Shawwal bai gani ba, ya ce baɗi in ƙara zobe na biyar. Na ce sai dattawa sun yarda, kuma sai ya taya ni.

Mawaƙan nan biyu sun yi waƙa ranar Alhamis. Ɗan yayana ya zo, ya ci shinkafarsa da nama, amma ya ce shi har yanzu Janairu ba ta kwanta masa a matsayin farkon shekara ba, zai yi tasa addu'ar ran 19 ga Maris. Fasto ya ce masa, "Ɗana, ka zo mu yi tare, amma daren 31 ma muna nan." Mama ta ce ita abin da ta sani, a Disamba rumbu ke cike kuma yara ke dawowa gida, a watan tumun Isra'ila kuwa ko ruwan rijiya sai an yi layi.

Baba ya daɗe tsaye gaban na bangon yana bin zoben da yatsa, sai ya juyo: "Malam, ina ka ajiye watan da ake maimaitawa?" Babu shi a 2026. A 2027 zai shigo, Adar biyu, Nisan ya ja baya zuwa 8 ga Afrilu ya bar Shawwal ya koma saitin Zulƙida, Istarmu 28 ga Maris, idinsu sai maraicen 21 ga Afrilu. Zoben na uku gida 12 na yanka masa, dole a sake zane daga farko.

Abin da ya rage: cikon kuɗin mai bugawa, a nemo leda a rufe na bango kafin damina, a kuma gyara Etanim da ya fito Etamin a duka 57 ɗin.